Milimita Biyu a Wuyan Hannu: Abin da Ke Biyo Bayan Karayar da Ta Shiga Gaɓa

Duk wanda ya zame, hannu yake fara miƙawa tun kafin tunani ya zo masa. Mai babur ɗin da ɗan sahu ya goga a Titin Zariya, birkilan da ya rikito daga kan katakon gini a Tarauni, matashin da aka kwashe wa ƙafa a filin ƙwallo, da gyatumar da santsin makewayi ya kayar, dukkansu da tafin hannu suke tarar ƙasa. Nauyin jiki gaba ɗaya sai ya sauka a kan ƙarshen ƙashi guda, wanda ya taso daga gwiwar hannu ya bi ta ɓangaren babban yatsa, wato wanda likitoci ke kira radiyos. Ana ƙiyasta cewa a cikin kowace karaya shida da ake kaiwa sashen gaggawa na asibiti, kusan ɗaya a nan take.

Mutumin Gyaɗi-Gyaɗi da wannan tsautsayi ya afka wa yana da wuraren zuwa. Ga Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988 kuma kowa ya fi sani da Asibitin Malam, a bakin unguwarsa. Ga Asibitin Ƙashi na Dala, da ke aiki tun 1959. Ga kuma zauren mai ɗori, wanda ya girme su duka a ƙasar Hausa. Gardamar da kan kaure a cikin gida sananniya ce. Wani ya ce, "Yaya, targaɗe ne kawai, a kai shi a ja masa." Wata ta ce, "Baba, in aka je asibiti ƙarfe za su ce a sa, ina kuɗin yake?" Sai a yi ta auna tsada da nisa da tsoron wuƙar tiyata, alhali tambayar da likitocin ƙashi suka shafe shekara arba'in suna muhawara a kanta daban ce: shin tsagar ta tsaya a jikin ƙashin, ko ta ratsa har cikin gaɓa? In ta ratsa, bayan an gyara, fuskar gaɓar ta koma sumul ko an bar ɗan tudu?

Dole a fara da ginin wurin. Wuyan hannu yana da ƙananan ƙasusuwa takwas a jere biyu. Biyu daga cikinsu, sikafoyid da lunet, suna zaune ne a kan ƙarshen radiyos, kowanne da ɗan gurbinsa. An lulluɓe fuskokin da ke gugar juna da guringuntsi mai santsi, wanda kaurinsa a nan galibi bai wuce milimita ɗaya ba. Jijiyar jini ba ta shiga guringuntsi, don haka idan ya lalace ba ya tohowa kamar fata ko ƙashi. A 1984 Palmer da Werner suka nuna cewa kusan kashi 80 cikin 100 na nauyin da ke ratsa wuyan hannu ta radiyos yake bi, sauran kashi 20 kuma ta ɗan'uwansa alna, na ɓangaren ƙaramin yatsa. Fuskar radiyos ɗin ma ba a miƙe take ba, ta ɗan karkata wajen tafin hannu da kimanin digiri 11.

Karayar da ta tsaya a bayan gaɓa takan bar wannan fuska lafiya lau, ko da ƙashin ya karkace. Wadda ta shiga gaɓa kuwa takan raba fuskar gida biyu, uku ko fiye. Wani yanki ya nutse, wani ya tsaya inda yake. Abu biyu ne likita ke nema a hoto: rata, wato tazarar da ta buɗe tsakanin yanki da yanki, da kuma tudu, wato inda wani yanki ya ɗara maƙwabcinsa tsayi. Kamar daɓen tayil ne da guda ɗaya ya ɗan fi sauran tasowa: duk mai wucewa bakinsa yake taka, kuma nan ne ke fara cinyewa.

An daɗe ba a damu da wannan ba. A 1814 wani likitan tiyata a Dublin ta ƙasar Ailan, Abraham Colles, ya bayyana irin wannan karaya, har yau kuma da sunansa ake kiran mafi yawanta. Ra'ayinsa shi ne karkacewar za ta zauna har ƙarshen rayuwa, amma a kwana a tashi hannun zai dawo da motsinsa, ciwon kuma ya tafi. Colles da ido da yatsu ya yi aikinsa, domin sai a 1895 Wilhelm Röntgen ya gano hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi. Maganar tasa ta yi tasiri fiye da ƙarni ɗaya da rabi: a ja hannu, a daidaita, a naɗa filasta, a jira mako shida.

Abin da ya girgiza wannan natsuwa ya fito ne a 1986 daga birnin Boston na Amurka. Likitoci biyu, Jerry Knirk da Jesse Jupiter, sun bi sawun matasa 40 masu karaya 43 da suka shiga gaɓa. Matsakaicin shekarunsu bai kai 28 ba, kuma an sake duba su bayan kusan shekara bakwai. A cikin gaɓoɓin da suka warke da wani tudu, komai ƙanƙantarsa, kashi 91 cikin 100 sun nuna alamar amosanin gaɓa a hoto. Waɗanda tudunsu ya kai milimita biyu ko fiye, babu wanda ya tsira. A cikin waɗanda fuskar gaɓarsu ta koma daidai kuwa, kashi 11 cikin 100 ne kawai suka kamu. Daga wannan bincike ne "milimita biyu" ya zama mizanin da ake koya wa likitocin ƙashi a duniya, har aka ɗauke shi aka kai gwiwa da idon sawu.

Sai masu ɗakin gwaji suka shigo don gano dalili. A 1996 Mark Baratz da abokan aikinsa suka yi gwaji da hannayen gawarwakin da aka bayar don bincike. Sun tsaga ƙarshen radiyos, suka ƙirƙiri tudu har zuwa milimita uku, suka cusa wata siririyar leda mai canza launi gwargwadon matsin da ta sha, sannan suka ɗora wa gaɓar nauyi. Daga milimita ɗaya matsakaicin matsin ya fara hawa a fili. Da aka kai milimita biyu, matsi mafi tsanani da faɗin wurin da nauyi ya yi wa yawa duk suka ƙaru. A shekarar dai wani ayarin masu bincike ya nuna cewa idan gurbin lunet ya nutse, gurbin sikafoyid ne ke ɗaukar lodin da ya rage. Daga baya, a 2005, Donald Anderson da abokansa suka wallafa aikin da suka gina gaɓar a kwamfuta, suka yi lissafin yadda tudu ke sauya hanyar da nauyi ke bi ya ratsa guringuntsi zuwa ƙashin da ke ƙarƙashinsa.

Bayanin a taƙaice shi ne: nauyin bai ƙaru ba, wurin da ke ɗaukarsa ne ya ragu. Yankin da ya nutse ya samu hutu, bakin yankin da ya taso ya sha wahala. Ƙwayoyin halittar da ke cikin guringuntsi suna rayuwa ne da matsi daidai gwargwado. In ya yi yawa su mutu, in ya yi kaɗan guringuntsin ya yi laushi. A hankali tazarar da ke tsakanin ƙasusuwa ta tsuke, ƙashin ƙarƙashi ya yi tauri, ƙananan tsiro su fito a gefe. Gwajin da aka yi da zomaye ya nuna cewa jiki kan iya goge ƙaramin tudu da kansa, musamman idan bai fi kaurin guringuntsin ba. A wuyan hannu, inda kaurin ke wajen milimita ɗaya, tudun milimita biyu na nufin tsurar ƙashi ya leƙo cikin gaɓa.

Karkacewa ma na da nata sakamakon ko da fuskar ba ta tsage ba. Binciken Short da abokansa na 1987 ya nuna cewa idan ƙarshen radiyos ya juya baya har digiri 45, rabon alna na nauyi kan tashi daga kashi 21 zuwa kashi 67 cikin 100. Shi ya sa wasu da suka warke da hannu a karkace ke kuka da ciwo a ɓangaren ƙaramin yatsa, nesa da inda ƙashin ya karye, musamman in za su murɗa makulli ko su matse wanki.

Da a nan labarin ya tsaya, da hukunci ya yi sauƙi. Amma da aka ƙara bin marasa lafiya na tsawon lokaci, sai wani abin mamaki ya bayyana. A 1997 Louis Catalano da abokansa a birnin St. Louis suka duba matasa 21 da aka yi wa tiyata, shekara bakwai bayan raunin. Kashi 76 cikin 100 na da alamar amosani a hoto, kuma alamar ta fi tsanani inda aka bar tudu, daidai da abin da aka gani a Boston. Sai dai hannayen na aiki da kyau, kuma munin hoton bai yi daidai da yawan ƙorafin mai hannun ba. A 2006 Charles Goldfarb ya sake kiran mutum 16 daga cikinsu, shekara 15 bayan raunin. Amosanin ya ci gaba, an gan shi a 13, amma har lokacin suna harkokinsu da hannayen.

Bincike mafi dogon zango ya fito daga Nottingham ta Ingila a 2008. Forward, Davis da Sithole sun nemo mutum 106 da suka karye tun suna ƙasa da shekara 40, suka duba su bayan matsakaicin shekara 38. A cikin waɗanda karayarsu ta shiga gaɓa, kashi 68 cikin 100 na da alamar amosani a hoto. Duk da haka, da aka auna yadda suke amfani da hannu a rayuwar yau da kullum, ba su bambanta da sauran jama'a ba, kuma ba a kai ga yi wa ko ɗaya tiyatar ceton gaɓa ba. Shekara guda bayan haka, a 2009, Jupiter da kansa tare da Brian Haus suka sake bitar binciken 1986, suka lissafo raunin da ke cikin hanyoyin da aka bi wajen yin sa idan aka auna shi da ƙa'idojin bincike na yanzu.

Me ya raba hoto da jin jiki? Dalilai uku ake yawan kawowa. Na farko, wuyan hannu ba ya ɗaukar gangar jiki a kowane taku kamar gwiwa da idon sawu, saboda haka yana jure lalacewar da za ta gurgunta ƙafa. Na biyu, shi guringuntsi ba shi da jijiyar jin zafi; ciwon amosani daga ƙashin ƙarƙashi da rigar gaɓa yake tasowa, kuma mutane sun bambanta a nan. Na uku, bugun farko kansa yana kashe ƙwayoyin guringuntsi tun a ranar hatsarin. Karayar da ta fi muni ita ce ta fi wuyar gyarawa, ita ce kuma ta fi lalata guringuntsi, don haka ba kowane amosani ne za a ɗora wa tudu alhakinsa ba. Ga kuma matsalar awo: bincike a shekarun 1990 ya nuna cewa ƙwararrun likitoci kan saɓa wa juna idan aka ba su hoto ɗaya aka ce su auna tudun, kuma hoton sitisikan ya fi nuna gaskiyar abin da ke cikin gaɓa.

Wannan bai sa likitoci sun watsar da mizanin ba, sun dai koyi duba mai hannun kafin su duba hoton. Ƙungiyar likitocin ƙashi ta Amurka, a jagorar da ta sabunta a 2020, ta goyi bayan tiyata ga 'yan ƙasa da shekara 65 idan bayan an ja an daidaita, radiyos ya gajarta fiye da milimita uku, ko ya juya baya fiye da digiri 10, ko tudu ko rata a cikin gaɓa ya wuce milimita biyu. Ga waɗanda suka haura 65 kuwa, ta ce tiyata ba ta kawo sakamako mafi kyau a dogon lokaci. Ɗaya daga cikin hujjojin shi ne gwajin Rohit Arora a Innsbruck ta Ostiriya a 2011: tsofaffin da aka sa wa ƙarfe sun fi kyan hoto da ƙarfin damƙa, amma bayan shekara guda motsi da ciwo da aikin hannu sun yi daidai da na waɗanda aka naɗa wa filasta.

Idan aka dawo da wannan duka Kano, abu biyu ne ke fitowa. Gyatumar da ta faɗi a tsakar gida, wadda ƙashinta ya riga ya yi laushi da shekaru, tana iya warkewa da hannu a ɗan karkace ta ci gaba da alwala da cin tuwonta ba tare da an yanka ta ba. 'Ya'yanta ba sa buƙatar sayar da kadara don a miƙar da hoto. Saurayi ɗan shekara 25 da ya faɗo daga babur lamarinsa daban ne. Tun daga Janairun 2013 aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a birnin Kano, amma babura na hawa da na kai kaya ba su bar titi ba, gine-gine kuma sai ƙaruwa suke. Ƙashin matashi mai ƙarfi ne, sai bugu mai tsanani ke karya shi, kuma irin wannan bugun ne ke farfasa fuskar gaɓa.

Akwai kuma batun irin aikin da hannun zai koma yi. Mutanen da aka bincika a Boston, St. Louis da Nottingham suna rayuwa ne inda inji ke ɗauke yawancin aikin ƙarfi. Ɗan ga-ruwan da ke tura kura cike da jarkoki a lungunan Tarauni da wuyan hannu a lanƙwashe yake turawa. Haka bakaniken da ke kwance noti da sifana, da kafinta, da mai faskare, da matar da ke daka. Mai salla ma yana dafa ƙasa da tafin hannu a kowace sujada, yana dogara da shi wajen tashi. A irin waɗannan hannaye, wuyan hannu yana shan lodi kusan kullum, don haka sassaucin da binciken Nottingham ya nuna bai kamata a ɗauke shi a matsayin lasisin sakaci ba.

Ina matsayin mai ɗori a wannan lissafi? Gwanin ɗori na iya jan hannu ya dawo da tsawo, ya miƙar da karkacewa, ya ɗaure da kara. A karayar da ba ta goce ba, ko wadda ta tsaya a bayan gaɓa, sau da yawa ƙashin kan haɗe, kuma wannan nasara ce ta sa jama'a suka yarda da sana'ar tun kaka da kakanni. Iyakarsa ita ce iyakar Colles: yatsa ba ya jin tudun milimita biyu a ƙarƙashin kumburi, kuma yankin da ya nutse a tsakiyar gaɓa, wanda ba ya manne da wata jijiya, ja ba ya ɗago shi. Likitan da ya ja hannu bai ɗauki hoto ba shi ma a duhu ɗaya yake. Haɗarin da ya fi gaggawa kuwa shi ne ɗauri mai tsanani a kan hannun da ke ci gaba da kumbura. Ciwon da ke ƙaruwa maimakon raguwa, yatsu su yi sanyi ko su dushe ko su mutu, alamu ne na a kwance ɗaurin a garzaya asibiti a wannan sa'ar, ko kara ne ko filasta.

Tiyatar ma ba iri ɗaya ba ce. Akwai siraran wayoyin ƙarfe da ake sokawa ta fata su riƙe yankunan, a zare su bayan 'yan makonni. Akwai ƙarfen waje mai riƙe hannu a miƙe. Akwai farantin ƙarfe mai kusoshi da ake ɗaurawa ta ɓangaren tafin hannu, wanda ya yaɗu tun farkon shekarun 2000, shi ne kuma mafi tsada. Wani babban gwaji a Birtaniya da aka wallafa a 2014, mai mutum 461, ya kwatanta waya da faranti, bai sami bambanci a aikin hannu ba bayan shekara guda. Amma gwajin bai haɗa da waɗanda fuskar gaɓarsu ta ƙi daidaituwa sai an buɗe ba. Ga iyalin da ke biyan komai daga aljihu, halal ne su tambayi likita ko waya za ta wadatar, su kuma saurari dalilinsa in ya ce a'a.

Lokaci shi ne abin da aka fi asara. A cikin mako biyu zuwa uku yankunan sun fara kama juna, a mako shida sun haɗe a duk yadda aka bar su. Karayar da aka daidaita da kyau ma takan zame a cikin filasta idan kumburi ya sace, shi ya sa ake maimaita hoto a makonnin farko. Wanda ya zo asibiti bayan wata uku da hannu a sandare, abin da ya rage shi ne a sake yanka ƙashin a gyara zamansa, aikin da ya fi na farko wuya da tsada, musamman a cikin gaɓa. Idan amosani ya riga ya ci wurin kuma ciwo ya hana aiki, akan yanke ƙananan jijiyoyin da ke kai saƙon zafi, ko a haɗe wasu ƙasusuwan, ko a daskarar da wuyan hannun gaba ɗaya. Wannan na ƙarshe yana rage ciwo ya bar ƙarfin damƙa, amma hannun ya daina lanƙwasawa ke nan.

Saboda haka matakin da ya fi kowanne arha yana a kwanakin farko: hoton ƙashi ta gaba da ta gefe, a hannun wanda ya iya karanta shi, kafin a yanke shawarar inda za a yi jinya. In hoton ya nuna tsaga ta shiga gaɓa a hannun matashi ko mai aikin ƙarfi, sai a nemi likitan ƙashi, wanda zai iya buƙatar sitisikan kafin ya ce filasta ko tiyata. Bayan nan kuma akwai sauran aiki: motsa yatsu da gwiwar hannu da kafaɗa tun hannun na ɗaure, zuwa wajen masu gashin ƙashi bayan an cire filasta, da haƙurin watanni, domin ƙarfin damƙa kan ɗauki wata shida zuwa shekara kafin ya dawo yadda zai tsaya.